Rabin Gemun Malam

A aikin jinya, kalmar kotu ba baƙuwa ba ce. An jinkirta allura, kotu. An hana taron 'yan dubiya cika ɗaki, kotu. Akwai wata baiwar Allah da ta rantse sai ta maka mu gaban alƙali saboda mun hana ta ɗura wa mijinta fura washegarin da aka yi masa aiki a ciki. Wasu kuma ba sa ambaton kotu, sai su ce, "Za ku ji sunanku a rediyo." Yawancinsu tsoro ne ke cin su. Mutum ya ga nasa a kwance, ya rasa wanda zai yi wa faɗa, sai mai farin kayan da ke kusa da shi. Yanzu na san haka. Lokacin da nake sabuwar nas kuwa ban sani ba, ga shi Allah ya yi ni da baki, ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da biyu ba.

Matiron ɗinmu, shugabar nas-nas, wata gajeruwar mata ce mai tabarau a kan hanci, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Makon farko ta zaunar da mu sababbi ta ce, "Idan mutum ya ce miki kotu, ki jawo masa kujera. Ba mai iya tsawa sosai yana zaune. Ki ba shi ruwa. Kada ki ce masa je ka, kada kuma ki ce kin yi kuskure a kan abin da ba kuskure ba. Sannan hannunki kada ya daina aiki a kan marar lafiya, don shi bai ce zai kai ki ko'ina ba." Muka ce to, a zuciyata ina cewa faɗa dai ta fi aikatawa sauƙi.

Ni nawa tsoron ba alƙali ba ne, Baba ne. Mu 'yan unguwar Sheshe ne a cikin birni, gidan ɗinkin hula da karatu, kuma ba da son ransa na shiga wannan aiki ba. Sai da Inna da ƙannensa suka yi ta lallashi kafin ya saki. Ranar da zan fara ya kira ni zaure ya ce, "Na yarda. Amma duk ranar da na ji an ambaci gidan nan a gaban alƙali saboda ke, ranar za ki cire farin kayan nan ki zauna." Baba ba ya maimaita magana. Ni kuwa ina son aikina kamar me.

Wata Litinin ta damina, da hantsi, an sha ruwan sama da asuba, sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofar ɗakin gaggawa. Mutane suka ciccibo wani tsoho, gaban rigarsa jina-jina. Ina ganin fuskar na ce, "Innalillahi!" Malam ne na unguwar Zaitawa, malamin Baba. Asalinsu mutanen Barno ne, amma tun kaka da kakanni suke cikin birni. A zaurensa Baba ya yi karatun littattafai, kuma har lokacin duk la'asar can yake. Kowa a unguwanninmu ya san Malam da gemunsa, fari fat har ƙirji, yana shafa wa ƙarshensa lalle ya yi ja. Ashe azumin Litinin yake yi, ga ciwon suga, jiri ya ɗebe shi a lungu, haɓarsa ta daki bakin kwata.

Aka sa masa ƙarin ruwa, yana kwance bai san inda kansa yake ba. Likita ya danna auduga a wurin, jini na ɓulɓulowa ta cikin gashi, ya ce, "Sista, aske mini nan, ba na ganin komai."

Na ce, "Likita, ka san ko wane ne wannan?"

Ya ce, "Na san mai zubar da jini ne. Yi sauri!"

Na waiga ko akwai namiji a cikin nas-nas, duk suna kan wasu. Waɗanda suka kawo shi maƙwabta ne, an fitar da su waje. Na yi bismillah na ɗauki almakashi da reza. Na so in ɗan rage wuri kaɗan, amma ina! Yankan ya tashi daga haɓa ya bi muƙamuƙin hagu, ina askewa yana ƙara bayyana, likita yana cewa ƙara, ƙara. Kafin a gama ɗinki, ɓangaren hagu ya koma sumul kamar na ɗan sakandare, na dama kuwa yana nan cif har da jan lallensa. Jini ya tsaya, numfashi ya daidaita. Na tsaya ina kallon aikin hannuna.

Muna mayar da shi ɗakin maza sai ga babban ɗansa, wani Alhaji mai sayar da atamfa, ya shigo a guje daga kasuwa, takalmansa duk taɓo. Ya tsaya a kan mahaifinsa ya kalli bandeji, ya kalli gefen bandeji, ya sake kallo. Sai ya ce da wata irin murya, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ce, Alhaji."

"Ke? Mace? Ba ke ce 'yar gidan masu hula ta Sheshe ba? Kika sa wa Malam reza? Da izinin wa? Wallahi sai na yi ƙarar ki, ke da asibitin gaba ɗaya! Ina da lauya!"

Duk karatun Matiron ya bi iska. Na riƙe ƙugu na ce, "Alhaji, gemu da jini, wanne ka so in bar masa? Ɗaya yana tsirowa, ɗaya kuwa—" Ban ƙarasa ba na ji an taka mini ƙafa da ƙarfi. Matiron ce, ban ma san lokacin da ta iso ba. Ba ta dube ni ba, murmushi take yi wa Alhaji, dunduniyarta tana kan yatsuna.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya mai jiki? Allah ya kiyaye gaba. Ga kujera." Ya ce ba zai zauna ba. Ta ce to, ita za ta zauna, ƙafafunta sun tsufa. Ta zauna ta bar shi yana zuba, tana gyaɗa kai. Da ya gaji da yi mata faɗa daga tsaye, sai ga shi ya zauna shi ma. Ta miƙa masa ruwa, ya ce ba ya sha, ya karɓa ya shanye.

Sannan ta ce, "Kai ƙara haƙƙinka ne, ba mai hana ka, kuma zan nuna maka ofishin da ake kai ƙorafi in kana so. Abin da ya faru shi ne, ciwon yana ƙarƙashin gashi, likita ya ce a aske, yarinyar nan ta aske. Da kana nan da an tambaye ka. Ba ka nan, jini kuma ba ya jira. Na san abin yana da ciwo, nima da ubana ne da na ji ba daɗi." Ta juyo ta ce mini, "Sista, lokacin gwajin sugansa ya yi." Wato in rufe bakina in koma aiki.

Alhaji ya sauko, amma bai huce ba. Ya ciro waya ya ɗauki hoton fuskar Malam ta hagu da ta dama, ya ce shaida ce. Ya fita baranda muna jiyo shi yana cewa, "Barista, kana ina?"

Kafin azahar labari ya zaga asibiti. Wani abokin aikinmu mai ɗan gemu ya hango ni ya dafe haɓa da hannu biyu, ya ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa! Wanzamiya, a yi mana afuwa." Majinyatan ɗakin suka kwashe da dariya, har da wani mai karaya da dariyar ke sa shi ihu. Na yi dariyar nima, amma ta saman leɓe. Cikin birni ne, tsakanin Zaitawa da Sheshe magana ba ta buƙatar mota. Na shiga ɗakin magani na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito, don akwai allurai suna jira na.

Bayan la'asar Baba ya iso. Bai ko kalli inda nake ba. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, abin da ba wanda ke yi a asibiti, ya zo ya tsuguna a gefen gado. Lokacin Malam ya farka, an jingina shi da matashi, yana magana a hankali ta gefen baki saboda ɗinki. Alhaji na tsaye a kansa da waya a hannu. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, na zo ne in ba da haƙuri. Yarinyar nan tawa ce, laifin nawa ne da na bar ta. Ba sai an je ko'ina ba. Daga yau ta bar aikin."

Ina tsaye a gefe riƙe da tire, duk a kunnena.

Malam ya dubi Baba, ya dubi ɗansa, ya ce, "Me aka yi ne?" Ashe duk wannan hayaniya ba wanda ya iya gaya masa. Ya kai hannu zai shafa gemu kamar yadda ya saba, hannun ya sauka a dama lafiya, ya zo hagu ya zame. Ya tsaya. Ya sake shafawa. Ya ce, "A ba ni madubi."

Matiron ta ciro ɗan madubin hodarta ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, yana juya kai dama da hagu. Ni dai na gama sallama da farin kayana. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya dafe bandeji yana cewa, "Wayyo, kada ku sa ni dariya, ɗinkin zai ɓalle." Da ya samu numfashi ya ce, "Rabona da ganin kuncin nan tun ban yi aure ba. Ashe yana nan."

Alhaji ya ce, "Baba, na riga na yi magana da lauya. Na ɗauki hoto ma."

"Hoton me?"

"Na wurin, don shaida."

Malam ya ce, "Ai ho. Wato ni da nake shirin in ja amawalin rawanina in rufe haɓata har Allah ya mayar mini da abina ba wanda ya gani, kai kuma za ka kai ni gaban alƙali a ce, Malam, kwance rawani kotu ta duba? A miƙa hotona daga hannu zuwa hannu? Kai, ka fi kwatar nan iya kayar da mutum. Goge shi ina kallo." Alhaji ya sunkuya yana danna waya. Na tausaya masa a lokacin, don sai da ya sunkuyar da kai na ga idanunsa sun yi ja. Tun safe bai yi kuka ba, faɗa ya yi a madadinsa.

Malam ya juyo gare ni ya ce, "Ke ce mai aikin?"

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Allah gafarta Malam."

"Kin yi bismillah?"

"Na yi."

"To lalura ce, kuma lalura tana da hukuncinta, ubanki ya karanta wannan a gabana, ban san inda ya ajiye shi ba. Amma aikinki bai yi kyau ba, 'yata. Kin bar ni kamar gonar da aka nome rabi. Wanda ya fara shi ke ƙarasawa. Ɗauko almakashinki ki rage mini wannan ɓangaren, su taso tare."

Na kalli Matiron, ta ɗaga mini gira. Na kalli Baba, yana kallon ƙasa. Malam ya ce masa, "Kai kuma tashi ka tara mini, kada gashina ya zuba a kwandon shara. Ka ƙulle ka kai gida a binne."

Baba ya miƙe ya ciro farin hankicinsa, ya shimfiɗa a tafukansa biyu, ya tara a ƙarƙashin haɓar malaminsa. Na matso da almakashi. Duk ɗakin an zuba mana ido, har mai karaya ya ɗago. Ni da na aske rabin gemu da safe cikin jini hannuna bai ko girgiza ba, yanzu sai ga shi yana rawa, almakashin yana ƙaf-ƙaf a iska. Na kama jan ƙarshen gemun na yanka, ya sauka a hankicin Baba. Na sake kamawa.

Baba ya ɗan ɗago hankicin ya matso kusa da ni, bai dube ni ba, ya kira ni da sunan aikina a karon farko, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ki yi a hankali, Sista."