Kazar da Saniya Ta Raina

Ina 'yar shekara takwas ko tara mahaifiyata ta rasu a Fulatan, inda muke zaune kusa da danginta masu shanu. Babana ya tafi ci-rani kudu, ni kuma aka kawo ni Tudun Kaya wurin mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya. Abin da na zo da shi ƙullin kayana ne da kaza guda, wake-wake, wadda Innata ke kiwo da hannunta. Duk duniya ita kaɗai ta rage mini daga wurinta.

Ranar da na iso na ga shirwa ta sure ɗan tsako a tsakar gidan, a gaban idona. Shi ke nan, na kife kazata da kwando a ƙuryar ɗakin girki, ba ta fita sai ina tsaye a kanta. Abinci kuwa, na ba ta mafi daraja da na sani. A wurinmu, in rani ya yi, saniyar da aka fi ƙauna ita ake ba angurya, wato 'ya'yan auduga. Baffa Sule, ƙanen babana, yana da buhu guda saboda shanun huɗarsa, sai na riƙa roƙonsa 'yar kaɗan ina dakawa ina zuba mata. Shi a zatonsa wasan girki nake yi.

Kaza ta yi ƙwai, ta yi kwanci, aka yi ta jira, ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba, duka suka zama baragurbi. Da ta sake sakin wani, Iya ta ɗauki sabo fil ta fasa a ƙoƙo. Gwaiduwar ba ta tsaya ba, nan take ta baje ta gauraye da farin, ga wasu ɗigo-ɗigo a jikinta. Washegari ta fasa na biyu, haka dai. Baffa ya leƙa ƙoƙon ya ce kazar da ba ta ƙyanƙyasa tukunya ce gidanta, ga matarsa haihuwa yau ko gobe, an samu ta farfesun mai jego. Na rushe da kuka. Ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa, har kaina ya dafa, amma ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka.

A daren bayan sallar isha muka zagaye murhu kamar kullum, ni da 'ya'yan Baffa da na maƙwabta, ana ɓarar gyaɗar iri. Dokar Iya ce, wanda hannunsa ya tsaya, tatsuniya ta tsaya. Baffa ma yana daga bakin rumbu yana gyaran igiya. Ni dai ban ci tuwo ba, ina ta ajiyar zuciya. Iya ta tura itace cikin wuta, ta dube ni ta ce, "'Yar Fillo, share majinar nan, kada ki jiƙa mini iri." Sannan ta buɗe yadda ta saba, wai ga ta nan ta taho da ƙura a ƙafa, mu kuma muka amsa ta iso mu ba ta ruwa.

Wai wata saniya ce ɗan maraƙinta ya mutu, tana ta yawo da baƙin ciki, sai ta tsinci 'yar tsakuwa wadda shaho ya ɗauke wa uwa. Ta ce, to, Allah ya haɗa mu. Ta sa ta ƙarƙashin cikinta, rana da dare, don kada wani abu daga sama ya gan ta. In an zuba wa saniya angurya sai ta hana kanta ta tauna wa 'yar. 'Yar tsakuwa ta girma ta zama kaza, amma ba ta san ɗanɗanon gara ba, ba ta taɓa bin fara da gudu ba, kullum tana haki cikin zafin jikin saniya. Da ta fara ƙwai, kowanne aka taɓa sai ya zama ruwa.

Saniya ta rasa gane kan abin, ta tafi wurin wata tsohuwar zabuwa. In zabuwa ta fito a tatsuniya, Iya kan maƙale murya ta kwaikwaye ta, yara su yi ta dariya, amma a wannan daren a hankali ta faɗe shi. Zabuwa ta ce gwaiduwa tana da riga 'yar siririya da ke riƙe ta, kuma kaza a ƙasa take tono zaren saƙa ta: tsutsa, gara, ɗanyen ganye, tsaki, ga ruwa mai sanyi da inuwa. Angurya ta mai tuƙa ce, a cikin kaza ɓarna take yi. Zafi da zaman tsoro su ma suna cinye rigar. Saniya ta ce in ta sake ta shaho zai ɗauke ta.

Iya ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "Zabuwa ta ce mata, yana yiwuwa. Amma in kin riƙe ta, ke za ki gama da ita, shaho bai ko sauko ba."

Da gari ya waye saniya ta raka kazar bakin juji, ta juya mata baya don ba za ta iya kallo ba, ta tsaya tana hawaye tana jin ƙarar tono a bayanta. Iya ta ce ƙurunƙus, kan farar da kaza ta kama. Wani yaro ya tambaya ko shaho ya zo. Ta ce ita ba ta nan, ta taho gida.

Babu wanda ya ambaci sunana, amma na san da ni ake. Ashe Iya ta daɗe da ganin ɓawon angurya a turmi. Baffa ya yi gyaran murya, ya naɗe igiyarsa ya shige ɗaki. Da asuba na ɗaga kwandon. Kazar ta tsaya kamar ba ta yarda ba, sannan ta nufi bayan rumbu. Da matar Baffa ta sauka, jar kazar Iya aka yanka, wadda ta fi kowace yawan ƙyanƙyasa a gidan. Na tambayi Iya dalili, ta ce kazar ta tsufa ne, ta dame ta da kuka. Har yau in na tuna jar kazar nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

An ɗauki makonni kafin Iya ta sake fasa ƙwan wake-wake. Ta kira ni ta miƙo ƙoƙon. Gwaiduwa tana zaune ɗas a tsakiya, ja-ja, ta girgiza ta ba ta fashe ba. Da damina ta faɗi kazar ta ƙyanƙyashe. Shirwa ta ɗauki rabonta, ban ɓoye muku ba, na kuma yi kuka, amma sauran suka girma suka cika gidan.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar tawa ce ni kaɗai, an yi ta don a gyara mini kiwo. Babana bai dawo daga kudu ba, can ya rasu, na zama ni ce kaɗai abin da Iya ke gani ta tuna shi. Da na gama firamare aka ba ni makarantar kwana a Kano, Baffa da kansa ya ce a bar ni a gida, tsohuwa ba ta da mai ɗebo mata ruwa, kuma birni ba wurin marainiya ba ne. Iya ta ce sai na tafi.

Ita ta raka ni tasha a Ƙaraye, tana dogara sanda. Da direba ya tayar da mota ta leƙo ta taga ta ce, "Je ki yi tono, 'yar Fillo." Na ɗaga mata hannu har muka sha kwana, amma ba ta gani ba. Ta juya wa motar baya.