Zoben Tagulla a Hanyar Asamaka

Ɗalhatu makanike ne da ya fi yarda da hancinsa a kan bakin direba. A garejin ma'adinan Akokan, dab da Arlit, ya koyi haka. Yana saurayi ya baro Tawa ya shiga, ranar da aka rufe ramin ya fito da furfura da wani tari da ba ya jin magani. Abokansa suka koma kudu. Shi ya zauna Arlit, don matarsa na kwance a maƙabartar garin, kuma ba abin da ya iya sai ƙarfe. Yanzu yana bin tsohon kamyon, babbar motar kayan Akoli, wani Ba'abzine mai jigila tsakanin Arlit da Asamaka.

Ran nan mutane suka ɗauko a Asamaka, waɗanda aka koro daga Aljeriya. Cikinsu akwai Hafsat, 'yar ƙasar Damagaram, da goyonta Siddiƙa, wadda zawo ya tsotse har kuka ba ya fita. In ba a kai ta likita kafin yamma ba, kowa ya san sauran.

Rana tsaka Ɗalhatu ya ji warin gazuwal, man motar.

"Tsaya, Akoli."

"A nan? Tsoho, hancinka ya tsufa."

"Na ce ka tsaya!"

Gefen injin ya jiƙe sharkaf, ga layin mai ya bi sawun taya har inda ido ya ƙare. Ɗalhatu ya zura kara cikin tanki, ya duba, man ya yi ƙasa. Ya goge injin da tsumma, ya watsa masa rairayi mai laushi, ya sa aka tada. Inda rairayin ya fara baƙi, nan ne ciwon: mahaɗar tiyo da famfon mai. An naɗe wurin da robar taya, gazuwal ya cinye ta ta koma kamar ƙullu.

"Aikin wa?"

Akoli ya gyara rawani. "Ai ya riƙe kwana biyu."

"Allah ya shirye ka."

Ya kwance ƙusar da ke ɗaure wurin. Ɗan zoben tagullan da ke toshe mahaɗar ya bushe, ya taurare, ba ya kama komi. Ya zazzage akwatin kayan aiki a ƙasa, ba wani. Ba mota gaba, ba mota baya, waya ba rezo. Mutane suka sauko suka raɓe cikin 'yar inuwar kamyon. Wani ya fara zagin Akoli, wani ya fara salati.

Hafsat ta matso. "Baba, ta daina tsotso."

Ɗalhatu bai dube ta ba. Ya ce wa Akoli, "Ɗauko murhun shayinka, ka hura can nesa da mota."

"Shayi za ka sha mutane na mutuwa?"

Ya kama zoben da filaya ya tura cikin garwashi. Yana hurawa tari na sarƙe shi, yana hurawa, har tagullar ta yi ja. Wuta ce ke maido mata da laushi. Akoli ya jawo salka zai zuba ruwa, Ɗalhatu ya bige hannunsa.

"Zai huce da kansa. Ka ba yarinyar ruwan."

Ya goge zoben, ya mayar, ya ɗaure a hankali, don in ya tsage shi ke nan. Ya fitar da iskar da ta shiga tiyo. Injin ya yi gurnani ya mutu. Ya sake. Batir ya fara ja da ƙyar. Can ya kama, da baƙin hayaƙi kamar an ƙona taya. Mahaɗar dai ba ɗigo.

Hayaƙin ma Ɗalhatu ya san tushensa. Ya ciro matatar iska ya buga ta a jikin taya, rairayi ya zubo, baƙin ya ragu. Amma bututun hayaƙin ya ɓalle a ƙarƙashi, yana busowa ta tsakanin katakon bayan motar daidai wurin zaman Hafsat. Wannan sai walda.

"Ɗiyata, shiga gaba."

"Baba, kai fa, da wannan tarin?"

Ya riga ya hau baya. Ya zauna bisa ramin katakon, ya toshe shi da buhu da jikinsa, ya ja rawani kan hanci.

Sun hango tuddan ƙasar ma'adinai rana ta yi ja. Dab da shingen shiga gari injin ya shaƙe, man ya ƙare. Wani ɗan kabu-kabu ya ɗauki Hafsat da goyonta ya yi likita da su. Sai da mutum biyu suka sauko da Ɗalhatu. Ya tofar da baƙin kaki, ya rarrafa ya taɓa mahaɗar. A bushe take.

Washegari Akoli ya same shi kwance ƙofar ɗakinsa, numfashi na fita da ƙara.

"An yi wa yarinyar ƙarin ruwa. Ta buɗe ido, har ta kama nono."

Ɗalhatu ya rufe nasa idon.

"Zoben nan ba zai sake shiga wuta ba," in ji shi. "Nemo sabo. Kuma in na ƙara ganin roba a injin nan, kai da motarka ku nemi wani."