Isuhu Milimita da Huji na Arba'in da Takwas

Ku da kuka zauna Alibandeng a shekarun da kuɗin man fetur suka haukata Libreville, kun san Yaya Isuhu ba ya kallon fuskar mutum in ana gaisawa. Huji yake kallo. Kana miƙa masa hannu, idonsa na kan maɗaurin agogonka ko bel ɗinka. In ya tarar ka ƙara huji da ƙusa don ka rame ko ka yi tumbi, to gaisuwar ta lalace. Zai amsa lafiya lau a sanyaye, can sai ya ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aika?" In ka ce kai ne da hannunka, ya girgiza kai ya ce Allah ya shirya.

Mijin yayata Rabi ne, mutumin Damagaram, kuma sana'arsa huda ƙarfe a wata rumfar kwano da ke bayan gidansu. Ni Habu, ƙanen matarsa, a lokacin ina tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, ina kwasar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Port Môle. Tunda ƙanen mata ne ni, ina da lasisin tsokanarsa, kuma ban bar lasisin ya yi tsatsa ba. Ni na laƙaba masa Milimita, sunan ya bi shi har kabari.

A wancan zamani kowa gudu yake. Gini na tashi a wata uku, jiya mutum na dako yau ya sayi mota. Shi kaɗai ne a garin nan bai ji labarin ana sauri ba. Kafin ya huda ƙarfe sai ya goge shi, ya auna, ya ja layi biyu da tsinin ƙusa su gitta juna, ya sake aunawa. Sannan ya ɗora wata ƙusa mai tauri a mahaɗar layukan ya buga mata guduma sau ɗaya, ta bar ɗan ɗigo. Wannan ɗigon shi yake kira cibiya, wai ita ke riƙe bakin inji kada ya yi yawo. Ya matse ƙarfen tam, ya fara da siririn mesh, wato bakin hudawar, sannan ya bi da babba, yana ɗiga mai, injin na juyawa a hankali har barci ya kama mai kallo. In ka yi tsaki ya ce da Faransancinsa, "Dusma, dusma, a hankali. Huji ba ya ƙaura. Inda ka sa shi nan zai zauna har tashin kiyama."

Ni dai sau ɗaya na taɓa injin nan yana raye. Ina sabon zuwa, ya tafi kasuwa, ni kuma ina son huji ɗaya tak a wani ɗan faifan ƙarfe da zan ɗaure madubin kamiyo. Na ce wannan har sai an jira Milimita? Ban auna ba, ban yi cibiya ba, na riƙe faifan da hannu, na murɗa injin ya kai ƙarshen gudunsa. Mesh ya zame ya tafi inda ya ga dama, ya yi shuɗi don zafi, da ya zo ɓullewa kuwa ya fizge faifan daga hannuna ya wulwula shi ya fasa butar alwala. Da Yaya Isuhu ya dawo bai yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ya yi. Ya ɗaga faifan ya leƙa ta hujin, ya daɗe yana leƙe, sannan ya samo ƙusa ya kafe shi a saman ƙofar rumfa. Daga ranar ya zama ni Habu Karkace, wurina benci, aikina kallo.

Shekara goma sha biyu faifan nan yana wurin, kuma ba baƙon da ya tsira daga ganinsa. Da na tashi aure, dangin yarinyar suka zo wurinsa binciken halina. Ina laɓe a bayan rumfa ina jinsa.

"Mutumin kirki ne," in ji shi. "Yana salla, ba ya shan komai, ba ya ɗaukar na wani. Amma amana kuka ba ni, ba zan ɓoye muku ba. Ku taso ku gani."

Dattawa uku suka tsaya suna kallon faifan ƙarfe. Ɗaya ya ce, "Malam, mene ne aibinsa?"

"Ba ka gani ba? Milimita huɗu ya kauce. Huɗu!"

Sun ba ni matar duk da haka, amma surukina har ya rasu bai taɓa yarda na kafa masa ƙusa a bango ba.

Sai maganar mai. Ƙasa tana iyo a cikin mai, baƙin mai ko kyauta ka roƙa a gareji a cika maka galan, amma Yaya Isuhu ya ce ƙarfensa ba ya shan wannan. Man gyaɗa yake so, kuma ba na kanti ba, na gida, wanda matafiya ke kawo wa Yaya Rabi daga Kano a kwalba tana lallaɓa shi kamar turare. Ta ɓoye a buhun shinkafa, ya gano. Ta ɓoye a akwatin zannuwa, ya gano. Rannan ta tsare shi da kwalbar a hannu.

"Malam, miyar gidan nan ko ƙarfenka, wa ya fi haƙƙi?"

"Rabi, miya in ta lalace gobe a yi wata."

Ta ce shi ke nan. Da rana ta kawo masa tuwo, ta ɗora masa murɗaɗɗen ɓawon ƙarfen da injin ke fitarwa a gefen kwano, ta ce ga wanda ya sha man, ya ci da shi. Bai ji haushi ba. Ya ɗaga guda ɗaya ya nuna min ya ce, "Dubi tsawonsa, bai karye ba, bai ƙone ba. Baƙin mai zai ba ka wannan?"

To, maganar makara kuma, ni na jawo wa kaina. Masallacinmu na da makarar katako, amma danshin garin nan da gara ba sa barin katako. Rannan muna dawowa daga maƙabarta, hannunta ɗaya ya zare ya biyo ni. Allah ya rufa asiri ba a tafiya ba ne. Aka zauna shawara, ni da bakina na miƙe na ce a yi ta ƙarfe, a ba Yaya Isuhu, na tsaya masa wata ɗaya ya gama. Liman ya dube ni ya ce, "Habu, ka tsaya masa?" Na ce na tsaya. Ban san me ya hau kaina ba.

Da farko Yaya Isuhu ya ce ba walda, wai walda mayafin malalaci ce, tana rufe awon da bai yi daidai ba. Da noti za a ɗaure komai, huji arba'in da takwas. Sannan ya shiga awon jama'a. Alhaji Ɗanjuma mai shagon atamfa shi ya fi kowa jiki a cikinmu. Ana fitowa daga sallar la'asar, Alhaji ya ji ana taɓa kafaɗarsa, ya waiga ya ga Milimita da tef.

"Isuhu, me kake aunawa?"

"Ba komai, Alhaji, shiri ne. Ɗan saki numfashi, kada in rage maka wuri."

Wata biyu Alhaji yana zagayawa wani masallaci.

Sai dokokin hudawa. Ba ya huji da rana tsaka, wai ƙarfe ya sha zafi ya kumbura, awo zai yi ƙarya. Ba ya yi in ana ruwa, wai ƙarar kwano tana hana shi jin kukan mesh, kuma kun san ruwan Libreville. Ba ya yi ran Juma'a. In jirgin sama ya taso, ga mu kusa da filin jirgi, sai ya ɗaga hannun injin ya tsaya cak har ƙarar ta mutu, wai ƙasa na rawa. A shekarun nan kuwa jirage sauka suke kamar tattabaru. In ka cire wannan duka, abin da ya rage masa a mako bai fi safiya biyu ba, kuma huji ɗaya yake yi a safiya.

Wata ɗayan nan ya zama shekara, ya doshi biyu. Duk lokacin da aka yi mana rasuwa, ni ake turawa da kamiyo in aro makara a masallacin 'yan Senegal. Ladaninsu in ya hango ni sai ya ce, "Hausa, har yanzu?" Kunyar nan ta ci ni ƙwarai, na daina zama a majalisa. Liman da kansa ya je ya same shi.

"Malam Isuhu, jama'a sun ƙosa."

"Allah gafarta Malam, a cikin waɗanda aka ɗauka akwai wanda ya kawo ƙara?"

"Masu ɗaukar ne ke ƙara."

"To su yi haƙuri, su ma layinsu na zuwa, za su gode min."

Da aka kai huji arba'in da bakwai, ya ce a yi gwaji. Ya tara mu mu huɗu, ya cire hula, ya hau ya kwanta ya miƙe sambal, ya rufe ido, ya ce mu zaga tsakar gida da shi. Ni ne a hannun hagu na baya, wanda noti ɗaya ke riƙe da shi maimakon biyu. Muna zagaye na biyu Yaya Rabi ta fito daga kicin, ta ga mijinta a kafaɗun maza. Kwanon da ke hannunta ya faɗi, ta fara salati. Ya ɗago kai ya ce, "Rabi, yi shiru, sauraro nake." Ya mayar da kai. Can ya ce, "Hagu na baya yana kuka. Wa ke wurin?" Aka ce Habu. Ya ce, "Na sani."

Ya ce huji na ƙarshen nan sai ya yi tunani, domin shi zai kashe kukan. Sai damina ta kankama. Sai tari ya kama shi, ya ƙi asibiti, ya rame har bel ɗinsa ya yi masa yawa, ya kuma ƙi ƙara masa huji don ba shi da ƙarfin yin awo, ya koma ɗaura wando da igiya. Wata safiyar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Aka sa jana'iza bayan azahar. Na ɗauki makullin kamiyo zan tafi aro kamar kullum, Yaya Rabi ta tare ƙofa, idonta jawur.

"Ina za ka?"

"Wurin 'yan Senegal, Yaya."

"Shekara biyu yana shanye min mai a kan makarar nan, sannan a ɗauke shi a ta aro? Ba da mijina ba. Shiga rumfa."

"Yaya, ya hana ni taɓa injin."

"Shiga ka gani."

Na shiga. Hannun makarar na matse a kan injin, an ja layi biyu, ga cibiya a tsakiyarsu tsaf. Siririn mesh na ɗaure, babban na ajiye a gefe, ga ɗan gwangwanin man gyaɗa an rufe da ƙyalle. Faifan nan nawa kuma ba ya saman ƙofa. An sauko da shi an ajiye kusa da injin, daidai inda idona zai faɗa. Har yau ban sani ba ko yafiya ce ko gargaɗi, na fi zaton duka biyun. Yaya ta ce makon da ya wuce ya rarrafo ya shirya su, ya ce in ta kama, a gaya wa Habu dusma.

Na kunna injin, na sa shi a mafi ƙarancin gudu. Mesh ya sauka a cibiya ya zauna, bai yi yawo ba. Na ɗiga mai. Jama'a sun cika ƙofar gida, Liman na duba agogo. Na canza zuwa babban mesh, na kai rabi, sai ga jirgi. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, na ga dai na ɗaga hannun injin na tsaya. Wani daga waje ya ce me ake jira ne, sai na ji muryar Alhaji Ɗanjuma yana cewa, "Ku bar shi, ƙasa na rawa." Aka jira har ƙarar ta wuce. Da na zo ɓullewa na sassauta hannu kamar yadda na gani daga benci shekara goma sha biyu. Ɓawon ya fito dogo, bai karye ba. Na zura noti da yatsu biyu, ya shige ba guduma. A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace min.

Ni na ɗauki hagu na baya. Tun daga ƙofar gida har bakin kabari kunnena na kan hannun nan, ban ji ko ƙis ba. Yaya Isuhu bai yi mana nauyi ba ko kaɗan, makarar da aka auna da Alhaji ta yi masa yawa.

Faifan yana saman ƙofata yanzu, matata ce ta kafa ƙusar. Allah ya jiƙan Yaya Isuhu, ya yalwata masa makwancinsa, ya yafe masa man gyaɗar Yaya Rabi kamar yadda ita ta yafe. Ranar da za a auna ayyuka, Allah ya sa nasa awon ya cika, kada ya kauce ko da milimita ɗaya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.