Wankan da Na Yi wa Mahauci

A barandar wani asibiti muka haɗu da mahaucin nan, inda wata ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa take tara masu ciwon waswasi. Ni malamin firamare ne daga Anka, nakan shiga alwalar azahar in fito ana kiran la'asar. Shi daga Nasarawa Burkullu yake zuwa a babur. In ya yanka akuya sai ya shiga tantama ko ya yi bisimilla, ya haramta naman, ya je ya binne. Karnukan garinsu sun san shi sosai.

Nawa ciwon ya yi tsanani ne a shekarun da gubar dalma ta kashe yara a Dareta. Aka ce kowa ya riƙa wanke hannu. Jama'a suka ɗauke shi shawara, ni na ɗauke shi aikin gwamnati, ba hutu ba ritaya.

Maganin ba daɗi. A gaban kowa za ka yi alwala sau ɗaya, ka zauna da shakkarka tana cizonka har ta gaji. Kuma an hana kowa ya kwantar wa wani da hankali. In na ce, "Na wanke gwiwar hannu kuwa?" sai mahauci ya ce, "Wa ya sani, Malam? Ni dai akuyata nika tunani."

Da hanya ta lalace, zaman ya watse. Shekaru sun ja, har yau ana tambayata ko mun warke. Wani tela a cikinmu ya koma gidan jiya, sai dai addu'a. Ni kuwa waswasin bai bar ni ba, yana nan kamar tsohon sufeton makaranta, kullum da gyara a bakinsa. Na daina miƙe masa ne kawai.

Bara mahauci ya rasu, ya bar wasiyya cewa ni zan yi masa wanka. Da na isa, na tarar ƙaninsa a zaure, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ba raini ba, mun san labarinku. In kai ka wanga wanka, yaushe za mu kai shi? Gobe?"

Na ce, "Ɗebo ruwa, kai za ka zuba mini."

Na yi masa alwala, na fara da dama na koma hagu, da ruwan magarya, na ƙarshe da kafur, yadda kowane ɗalibin fiƙihu ya sani. Ina ɗaga hannu sufeton ya yi gyaran murya: bayan kunnen hagu fa? Kuma wannan ba alwalata ba ce da zan sake anjima. Wankan mutum ne na ƙarshe, in ƙasa ta rufe shi ke nan. Hannuna ya tsaya a bakin bokiti.

Ƙanin ya lura. Tausayi ya kama shi, ya sassauta murya.

"Malam, in akwai inda ranka bai kwanta ba, ga ruwa nan, ƙara mishi. Ba mu hanzari."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na san in na taɓa kunnen nan, sai yatsun ƙafa su biyo baya, sai a sake daga farko, mutane na tsaye a rana, mamaci na jiran kabarinsa. Shi ma da ya zaɓe ni ya san haka.

Na ce, "Fitar da ruwan nan. Miƙo likkafani."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Miƙo."

Muka sa shi a likkafani, na ɗaure da hannuna, aka sallace shi tun hantsi. Har yau ban san ko ruwa ya kai bayan kunnen nan ba. Na yi abin da shari'a ta ɗora mini, sauran na wurin Allah, kuma ba zan tambayi kowa ba.