Surukata Ce Tafintata

Shekarun baya, tun ba a fara rufe boda ana buɗewa kamar ƙofar shago ba, na yi wani neman magani da har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kan keken ɗinkina. Ba ciwo nake yi ba. Haihuwa nake nema.

Lokacin aurenmu ya kwana biyu sosai, ƙawayen da aka kai mu ɗaki shekara ɗaya har sun fara kai 'ya'ya firamare, ni ko ɓari ban taɓa yi ba. Muna zaune a Gumel gida ɗaya da mahaifiyar maigidana, ni ina ɗinki, shi yana harkar tumaki a kasuwar Maigatari. Babu abin da ban sha ba. Na sha rubutu, na sha saiwoyi, na sha wani jiƙo da aka kawo mini daga Ɗanzomo wanda ɗacinsa ya kwana uku a maƙogwarona. Daga baya muka je asibiti a Kano aka auna mu duka biyun. Likita ta ce shi lafiyarsa ƙalau, ni ce al'adata ba ta da tsari, sai ta ga dama take zuwa. Ta ɗora ni a kan magani, na yi ta sha ina jira.

Sai na gaya muku wace ce surukata, don labarin nata ne fiye da nawa. Inna muke ce mata. Haifaffiyar Damagaram ce, ta yi lakwal, wato boko, a can kafin aure ya kawo ta Gumel, kuma Faransancinta bai gudu ba, da shi take yi wa awakinta faɗa. Maigidana shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "yaron nan". Ni kuma ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Duk shekarun nan maganar haihuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, ba ta gori, ba ta lallashi. Har nakan ce a raina ko dai abin bai dame ta ba ne.

Wata safiya ina ɗinki sai ga ta a ƙofar ɗakina. Ba ta shigo ba, ba ta kuma dube ni ba, keken take kallo.

"Ƙanwata ta yi waya," in ji ta. "Wai akwai wata lokotoro, likita 'yar Caina, a can wajenmu, tana soka wa mata allura. Ranar Alhamis za ni gaishe su. In kina da sarari ki raka ni."

Ina da sarari? Ai kafin ta koma ɗakinta na fara haɗa jaka. Murna ta hana ni ƙarasa rigar mutane. Na kira likitata ta Kano na tambaye ta, ta ce in je in gwada, amma kada in kuskura in ajiye maganin da ta ba ni. Maigidana kuwa da na ce ya zo mu tafi tare, sai ya ja da baya ya ce, "Ni da allura? Ki gaishe ta da kyau." Mutumin da ke kayar da rago shi kaɗai ke nan.

Ranar Alhamis ya sa mu a motar 'yan kasuwa masu komawa Nijar, muka kwana gidan ƙanwar Inna, da safe muka tafi asibitin. Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai fara'a, ba Hausa ba Turanci, sai Faransanci. Akwai tafinta a wurin, amma namiji ne. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya yi zamansa a waje, ba namijin da zai tsaya a kan matar ɗanta an buɗe mata ciki, ita za ta yi aikin. A lokacin har daɗi na ji. Ban hango abin da na shiga ba.

Abu na farko, likita ta riƙe hannuwana biyu tana sauraren bugun jijiya, sannan ta yi magana. Inna ta ce, "Ta ce ki zaro harshenki." Jama'a, ni in zaro wa surukata harshe! Na zaro kaɗan. Ta ce, "Ta ce duka." Na rufe ido na zaro duka.

Sannan aka kawo allurai. Ni na zaci irin ta asibitinmu ce mai ruwan magani a ciki, sai na ga wasu sirara kamar gashin wutsiyar doki, ba komai a cikinsu. Ta fara soka mini a ƙafafu, a hannu, a ƙasan cibiya, har da tsakiyar kai. Ba zafi, sai wani ɗan nauyi da tsami-tsami da ke bin wurin. Na ɗaga kai na dubi kaina, na ga na koma irin ɗan matashin da nake soke alluran ɗinkina. Inna da ke zaune a kujera ta yi tagumi ta ce, "Allura ba ruwa a ciki. To, Allah Ya sa a dace." Ni kuwa barci ne ya kwashe ni, irin wanda na daɗe ban yi ba.

Da aka cire, likita ta zauna ta yi bayani mai tsawo. Tana nuna kalanda, tana ƙirga da yatsu, tana haɗa hannuwanta biyu tana murmushi. Ta daɗe tana yi. Na juya ga Inna ina jiran fassara. Ta gyara mayafi ta dubi bango ta ce, "Ta ce ki riƙa shan ruwan ɗumi."

Na san ba duka ke nan ba, ita ma ta san na sani. Sai da muka koma masauki sauran bayanin ya iso ni ta doguwar hanya. Inna ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa ɗiyarta wadda sa'ata ce, ita kuma ta ja ni madafi tana ƙyalƙyala dariya ta zayyana mini ranakun da bai kamata maigida ya yi nisa da gida ba. A nan ne kuma ta gaya mini abin da likita ta fi jaddadawa: duk ranar da na ga al'adata ta makara in faɗa kafin a taɓa ni, don akwai wuraren da ba a soka wa mai juna biyu, ƙasan cibiyar nan na ciki.

Haka muka yi ta zuwa, Alhamis nan mu je, ta gaba mu huta. Har 'yan duwan, wato kwastan na boda, suka san mu, suna ce wa Inna "madam". Kuma abin mamaki, bayan 'yan watanni al'adar nan tawa mai taurin kai ta fara zuwa a kan lokaci. Ranar da na fara lura da haka rawa na taka a tsakar ɗaki. Ku duba fa, mai neman ciki tana murnar ganin jini.

Sai kuma bayan Babbar Salla ta ƙi zuwa. Na jira, shiru. Na ƙara jira, shiru. Ƙamshin man gyaɗa ya fara tayar mini da zuciya. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana, domin a baya ta sha yi mini haka, in gama murna har in zaɓi suna a raina, sannan ta zo ta kunyata ni. Ko abin gwaji na kasa saye, ina tsoron abin da zai nuna. Na ƙudura cewa in mun je zan raɗa wa sa'ar tawa, ita ta gaya wa mahaifiyarta, maganar ta bi hanyar da ta saba bi har ta kai ga likita.

Muka isa Damagaram aka ce sa'ar tawa ta tafi biki ƙauye, sai wani sati.

Da safe na ce wa Inna kaina na ciwo, ko a bar zuwan yau. Ta ce, "Ai ciwon kai ma suna yi masa allura. Tashi mu je."

A ɗakin likita, kamar kullum, ta yi tambayarta ta farko. Inna ta dube ni, wannan karon ido cikin ido, ta ce, "Ta ce akwai labari?"

Bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Babu, Inna."

Wallahi ban san lokacin da na faɗa ba. Ta yaya zan dubi uwar mijina in ce mata ina zaton ina da ciki? A gidanmu ko mahaifiyarka ba ka gaya wa wannan da baki, gani ake yi. Inna ta juya ta faɗa wa likita kalma ɗaya.

Na hau gado na kwanta. Likita ta ɗage mini riga, ta goga auduga mai sanyi a ƙasan cibiyata. Ina ta faɗa wa kaina, ke, shekara nawa kina roƙon Allah abin nan, yanzu in yana ciki fa? Za ki bari a taɓa shi saboda kunya? Na ji ƙarar yage takardar allura. Na ga hannunta yana saukowa. Ban yi shawara da kowa ba na cafke wuyan hannunta da hannuwana biyu.

Ta tsaya tana kallona. Da wane harshe ma zan faɗa? Na nuna cikina, na girgiza kai, hawaye suka zubo. Likita ta juya ga tafintarta tana neman bayani.

Ashe Inna ta riga ta miƙe tsaye, mayafinta a ƙasa. Sai Faransanci ya ɓarke. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba, ko da awaki. Tana yi tana nuna ni, tana ƙirga da yatsu. Likita ta zaro ido, ta ajiye allurar, ta tafa hannu, ta sauke mini riga da kanta. Nan take aka ba ni 'yar kwalba aka nuna mini banɗaki.

Jiran sakamakon nan bai daɗe ba, amma ni na ga kamar an yi damina an yi rani. Muna zaune a benci ɗaya ni da Inna, kowa na kallon gabansa. Sai ga likita ta fito da sauri tana dariya, ta rungume ni tana ta faɗin abin da ba na ji. Wannan karon ban nemi fassara ba. Na durƙushe a wurin ina kuka ina alhamdulillahi.

Inna ta ɗauki mayafinta ta yafa, ta ce, "To, madalla," ta fita waje abinta kamar an ce mata an sauko da farashin gero. Na bi ta da kallo, raina ya ɗan sosu. Can sai na ji guɗa daga harabar asibiti, wata irin guɗa mai tsawo da ta sa majinyata leƙowa ta taga. Na leƙa ni ma. Inna ce a gindin bishiyar dalbejiya, ta toshe hanci tana rangaɗawa ita kaɗai. Da ta dawo fuskarta a ɗaure, kamar ba ita ba.

A mota muna komowa, har mun yi nisa. Sai Inna ta yi magana tana kallon gonaki ta taga.

"Kin so ki kashe ni yau, 'yar nan. Na tambaye ki kin ce babu."

Na sunkuyar da kai. Da ƙyar na ce, "Inna, ya aka yi kika sani?"

"Tun bayan layya butarki ba ta huta ba. Ina ɗakina ina jin alwalarki ta asuba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Tun shekarar da aka kawo ki nake saurarenta. Duk asubar da na ji shiru, sai in ce to, Allah Ya kai mu wani watan."

Na matsa kusa da ita har kafaɗunmu suka haɗu, ita ma ba ta janye ba.

A Maigatari muka tarar da maigidana a bakin tasha riƙe da igiyar wani ƙaton rago. Inna ta ce za ta je sayen kanwa, ta wuce ta bar mu, ita da ke da kanwa buhu guda a gida. Na raɗa masa. Ya ce, "Me kika ce?" Na sake faɗa. Sai ya saki igiyar ya ɗaga hannuwa sama yana kabbara, rago ya ga hanya ya auka cikin kasuwa, mutane suka bi shi da gudu, mai ragon kuwa yana tsaye yana dariya kamar ba nasa ba.

Yaron yanzu yana makaranta, Inna na ce masa angonta, suna faɗa a kan fura kullum. Mata kan tambaye ni a ɓoye ko allurar ce ta yi aiki. Gaskiyar da nake gaya musu ita ce ban sani ba. Ina shan maganin asibiti, ana yi mini allura, ana yi mini addu'a, kuma lokacin da Allah Ya ɗiba ya yi. Abin da na sani, allurar ta kwantar mini da hankali a lokacin da na kusa fid da rai. Nakan ce wa mai son gwadawa ta fara zuwa asibiti a auna ta ita da mijinta, ta nemi wadda ta san aikin, kuma don Allah in an tambaye ta ta buɗe baki ta yi magana, kada ta yi irin tawa.

Har gobe kunya na nan tsakanina da Inna, ban fara cin abinci a gabanta ba. Amma in na tuna shekarun nan, abin da ke sa ni ƙwalla ba jiran ba ne. Na yi ta kuka a ɗakina ina zaton ni kaɗai nake jira a gidan nan, ashe bango ɗaya ne tsakanina da mai taya ni.