Hular Don Evaristo ta Rami

Kafin masu bindiga su gama kurɓar shayin mate a rumfar kulob, Don Evaristo Ledesma ya riga ya shige raminsa, ya jera farantan yumɓu a injin da ke cilla su don a harba. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki a ƙungiyar maharba ta garinmu. Mai son farantin da ke tashi ya tsere masa, Evaristo na rami yana jiransa. Mai son guda biyu masu gilmawa, ya hau hasumiya ya sako masa. Mai son wanda ke birgima a ƙasa kamar zomo, ya mirgino masa. Da an ce "Sako!" sai ya saki. Wanda ya fasa a tafa masa, wanda ya kuskure ya waiwayo ya zagi mutumin rami.

Kai ne bangon jingina laifi, Evaristo. An ce ka yi sauri, an ce ka yi nawa, har iska in ta kaɗa kai ka jawo ta. Ba ka taɓa ramawa ba, ko da yake rabin zagin kunnenka da ƙarar bindiga ta cinye bai kawo maka ba.

A al'adarmu, wanda ya fasa farantansa duka, sai a cilla hularsa sama a yi mata ruwan harsashi. Da zai ajiye aiki ran Lahadi, muka ce shi ma sai an yi wa tasa, duk da bai taɓa riƙe bindiga ba. Matsalar ita ce matarsa, Doña Ramona, ta saƙa hular da hannunta.

"Ka dawo min da sanƙo a waje, ka kwana a raminka," in ji ta.

Sai ya yi dabara. Ya ce mutum ɗaya kaɗai zai harba: Likita Bustamante mai cire haƙori, wanda ya fi kowa zuwa, ya fi kowa kuskure. Shi ne Evaristo ke rarrashi duk mako, "Saura ƙiris, Likita, wallahi na ji farantin ya tsorata."

"Ni, Don Evaristo? Ka rufa min asiri!" in ji Likita.

"Harba abinka, ɗan'uwa. Ni hankalina kwance."

Aka cilla hula. Likita ya runtse ido ya harba. Sai ga zare yana saukowa kamar an fige kaza.

Evaristo ya dafe ƙoƙon kansa, ya dubi hanyar gida, ya dubi Likita da ke hawaye. Nan ya manta da Ramona, ya ruga ya rungume shi.

"Ban faɗa maka ba? Ban faɗa maka saura ƙiris ba?"

Ni dai dariya ta shaƙe ni, amma na ji ƙwalla. Mutum ya yi asarar hularsa, ga masifa na jiransa a gida, shi kuwa murnar wani yake yi.

Mun gode, sarkin rami, mai cika inji don wasu su ci kofi. Masu tasowa, ku koyi jin daɗin nasarar da ba sunanku a kanta. Kai kuma Likita, tunda hannunka ya faɗa, kai za ka raka shi gida ka yi wa Doña Ramona bayani.