Baturen Aro na Kawu Cleotis

Kawu Cleotis Bynum, yayan mahaifiyata, direban motar 'yan makaranta ne har ya yi ritaya. Dogo ne mai sanƙo, ba ya son hayaniya. In zai yi magana sai ya gyara murya kamar mai shirin wa'azi, ya faɗi abin da bai kai cikin cokali ba, ya koma ya yi shiru.

Iyayensu daga Alabama suka hauro Ohio neman aikin masana'anta. Kakanmu ya je yaƙi ya dawo da ɗingishi. Abokan yaƙinsa fararen fata banki ya ba su rance suka sayi gidaje a bayan gari. Shi kuwa aka gaya masa unguwar da yake zaune banki ba ya ba da rance a cikinta, unguwar da ake bayarwa kuma ba a sayar wa irinsa gida. A gidan haya ya mutu. Gadon da Kawu ya samu kwat ce guda ɗaya, ita ma hannunta ya yi masa gajarta.

Kullum da safe Kawu sawu biyu yake yi da motarsa. Ya fara kwasar yaran tsallaken layin dogo ya kai su makarantarsu mai wurin ninƙaya da ɗakin kiɗa, sannan ya dawo ya kwashe mu ya kai mu tamu, inda in an yi ruwa malama ke raba mana aikin jera bokitai. Makaranta dai da harajin gidajen unguwarta take ci, gidajenmu kuwa an ce ba su da daraja. Abin da Kawu ya yi kawai, ya ƙulla wa ransa sai ya mallaki gida. Ya haura arba'in kafin shi da matarsa Anti Ozella su sayi wani mai hawa ɗaya a titin Garland. Da hannunsa ya sake rufin, ya yi fenti, ya shuka furanni, ya riƙa aske ciyawar ƙofar gida kamar mai yi wa ango aski.

'Yarsu ɗaya ce, Renita, kuma kanta na ja. Da ta samu gurbin karatun likitan haƙori murna ta koma tagumi, domin kuɗin makarantar ba na direba ba ne. Lokacin hukumar gari ta kafa kwamitin rage tazarar arziki tsakanin baƙaƙen fata da farare, kwamitin ya yi zama ya yi zama ya gano cewa matsalarmu rashin iya tattali ne. Aka buɗe aji kyauta. Kawu ya sa hularsa ya je. Wata budurwa mai fara'a ta shawarce su su daina sayen kofi a shago kowace safiya.

Kawu ya gyara murya. "'Yata, ni ban taɓa sayen kofi a shago ba."

"Madalla, Baba! To ka ɗore a haka."

Ya dawo gida da takardar shaidar halarta da biro mai tambarin gari.

Ba sauran hanya sai ya jinginar da gidan. Banki ya turo mai yi wa gida kima, wani saurayi da bai ko cire rigar sanyinsa ba. Ya leƙa ɗakuna, ya tsaya gaban hotunan dangi da ke bangon falo, ya ce da Anti Ozella gidan yana da "ɗabi'a", ya fice. Kimar da ta fito ko rabin karatun ba za ta ɗauka ba.

Anti Ozella ce ta kawo dabarar. Mace ce 'yar gajera mai baki kamar reza, shekarunta da yawa tana dafa abinci a asibiti.

"Cleotis, ina abokin nan naka mai warin tana?"

"Gus? Me ya yi?"

"Bai taɓa yin komai ba a rayuwarsa. Yanzu zai fara."

Gus Wozniak Bature ne, abokin kamun kifin Kawu. Ba aikin da ya taɓa daɗewa a hannunsa. Ya gaji gida wurin ubansa, da ya kusa cinye shi wata goggonsa ta mutu ta bar masa wani. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai ya yarda har zuciyarsa cewa duk wanda ya yi haƙuri wata rana zai ga gida ya faɗo masa.

Suka nemi wani banki. Ana gobe mai kima zai zo muka taru muka share duk wata alamarmu daga gidan, kada ya gane na baƙar fata ne. Muka sauke hoton Kaka da kakin soja, da na bikin aure, da na Renita da hular kammala karatu. Muka kwashe man kitso da matajan kai daga banɗaki, da mafitan coci, har kwalaben yaji Anti Ozella ta ce a ɓoye. Ta je kantin gwanjo ta sayo hotunan wasu Turawa da ba wanda ya san su, ciki har da wata tsohuwa mai tabarau tana rungume da kyanwa.

Da Gus ya iso ta tare shi a ƙofa. "Tsaya nan. Wanka tukuna. Da sabulu, Gus, ba gaisawa da ruwa ba."

"Haba Ozella, to me zan ce wa mutumin?"

"Kada ka ce komai. Ka zauna a kujerar Cleotis ka riƙe jarida. Kai dai ka yi fari, abin da ka iya ke nan."

Kawu ya kasa barin gidan. Aka ce ya je ya zauna a coci, ya ƙi. Ya ɗauko injin aske ciyawa ya hau aiki a ƙofar gida. Mai kimar ya zo, ya cire takalmi kafin ya shiga, ya daɗe a ciki yana yaba katakon daɓe da hasken tagogi, ya sha shayi. Da zai tafi ya tsaya a baranda ya nuna Kawu da haɓa, ya ce wa Gus, "Mai aikin lambunka ya san aiki. In ba damuwa ka ba ni lambarsa."

Kimar ta fito ta ɗauki karatun Renita har da canji. Anti Ozella ta yi guɗa a kicin, Gus ya yi ta dariya har da hawaye. Kawu kuwa ranar bai ci abinci ba. Na same shi a falo yana mayar da hotunan ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan na mahaifinsa ya goge gilashin da gefen rigarsa ya daɗe yana kallo.

Maganar da ta shiga kunnen matan coci ta gama fita. Lahadi mai zuwa 'Yar'uwa Lurline, wata gwauruwa da ke son gyara rufinta, ta ja Anti Ozella gefe bayan addu'a.

"'Yar'uwa, an ce kina da Bature."

"Ba nawa ba ne, na Cleotis ne."

"To a ara mini shi ranar Laraba. Zan dawo da shi yadda na karɓa."

Kafin shekara ta zagayo Gus ya zauna a kujerar kusan kowane magidanci a titin Garland. Ba ya karɓar kuɗi, ladansa soyayyen tarwaɗa da kek ɗin dankali, har ya yi tumbi. Ya ƙware. Ya koyi tsayuwa da hannu a aljihu yana kallon rufi, ya aro wani kare mai gashi ruwan zuma yana zuwa da shi. Hotunan gwanjon nan ma gida-gida suke bi. Wani mai kima da ya ga tsohuwa mai kyanwa a gida na uku ya girgiza kai ya ce wannan baiwar Allah ta bar zuri'a. Wasu dattawan coci suka damu ko zunubi ne, aka kai maganar gaban Fasto. Ya yi tunani ya ce shi dai a saninsa takardu da sunan masu gida suke, Gus kuwa zama kawai yake yi, kuma bai ga inda aka hana baƙo zama ba. Makon da ya biyo aka ga Gus a gidan Fasto.

Da kuɗin nan yara da dama suka shiga jami'a, aka gyara rufi, wani ya buɗe shagon aski. Sai dai kima ba ta tsaya a banki ba. Dillalan gidaje suka lura titin Garland ya tashi, hukumar haraji ma ta lura. Matasan Turawa suka fara zuwa da kekuna suna ɗaukar hoton barandu. Shagon da muke sayen man kitso ya koma wurin sayar da biskit ɗin karnuka. Harajin gida ya hau har ya fi ƙarfin 'Yar'uwa Lurline, ta sayar da gidan da sabon rufinsa ta koma wurin 'yarta. Wasu suka bi bayanta. Makarantarmu kuwa aka yi mata gyara na gani na faɗa, aka sa mata sabon suna, aka kawo jarrabawar shiga. Jikokin waɗanda suka jera bokitai a cikinta kaɗan ne suka rage a unguwar da za su zauna jarrabawar.

Kwamitin nan na rage tazara ya ga alƙaluma sun yi kyau, ya yanke shawarar karrama wanda ya farfaɗo da unguwar. Suka tambayi dillalai da masu kima, kowa ya ambaci wani dattijo mai kare da ake gani a kowane gida. Aka shirya biki a zauren gari. An gayyaci Kawu ma, domin mai ɗaukar hoto ya ce yana son 'yan unguwa na asali su tsaya daga baya.

Gus ya hau mumbari yana gumi. A gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya ce, "Jama'a, ni ban gyara komai ba. Ko ƙusa ban buga ba. Gidajen nan masu su ne suka gyara, ni zama kawai na yi."

Zaure ya ɗauki tafi. Shugabar kwamiti ta share hawaye ta ce irin wannan tawali'u ne ƙasar nan ta rasa.

A mota suna komawa Gus ya miƙa wa Kawu lambar yabon. "Karɓi, taka ce."

"Riƙe abarka."

"Wallahi Cleotis ban san haka za ta kasance ba."

Kawu ya gyara murya. "Kai kam me ka taɓa sani." Suka yi wata biyu ba su je kamun kifi ba, sannan wata Asabar Gus ya zo ya tsaya a ƙofa da ƙugiyoyi, Kawu ya fito ya shiga motar ba tare da ya dube shi ba.

Kawu bai sayar da gidansa ba. Dillalai na kira yana kashe waya. Renita ta zama likita, har yau tana biyan ragowar bashin karatu, tana kuma taimaka masa da haraji. Da muka taru cin abincin bikin godiya na shekara-shekara bara ta gaya mana ta kama wani ɗan ƙaramin ɗaki na haya a unguwar masu kuɗi, ita da mijinta da ɗansu, don yaron ya samu shiga makarantar can. Ta ce in ta miƙe ƙafa a gado tana taɓa firji.

Anti Ozella ta ce, "Likita guda, a gidan haya?"

"Mama, makarantar tana da kyau."

Kowa ya juya wajen Kawu. Ya gyara murya, muka ajiye cokula muna jira. Ya dubi jikansa da ke fama da ƙashin talotalo, ya ce a miƙo masa miyar ganye.